Ƙwayoyin da Na Sayo wa Yaya

Yayata ta yi shekara ashirin da biyu a kan keken ɗinki ɗaya, na uku daga taga, a kamfanin da ke ɗinka rigunan ma'aikata. Kwala take haɗawa. Gwanar Kwala ake ce mata, don layinta bai taɓa karkacewa ba. Da keken nan ta riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu har na zama akawu a ofishin ajiyar takardu. Har yau, da furfurata, Auta take kirana.

Tun tana budurwa take fama da ciwon ɓarin kai, sau ɗaya ko biyu a wata. Yakan fara da wata walƙiya a gefen ido, mai kama da haƙoran zarto, sai ɓarin hagu ya kama bugawa kamar ana daka a ciki. Ga amai, ga ƙin haske, ko ƙarar cokali ba ta so. Takan shige ɗaki ta saki labule, washegari ta tashi garau.

Bara ɗinki ya yi yawa, ciwon ya riƙa zuwa a kai a kai. Na sayi littafi na ja layi huɗu: rana, lokaci, ɓarin da ya kama, maganin da aka sha. Da yake ba na son abu ya ƙare kafin a sayo wani, na riƙa sayo mata ƙwayar ciwon kai kwali-kwali. Na sa ɗaya a jakarta, ɗaya a durowar keke, ɗaya a gefen gado.

"Kada ki jira ya taso, Yaya. Da kin ji alama, ki sha."

Bayan wata huɗu, kullum da nauyin kai take tashi, kamar an ɗaure shi da igiya. Ta yi fashin aiki sau biyar. Shugabar sashensu ta ce in ta sake fashi a watan, keken na wata ne.

Na kai ta asibiti, na miƙa wa likita littafina ina ɗan taƙama. Ta tambayi Yaya ko ciwon ya taɓa faɗo mata farat ɗaya kamar tsawa, ko da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko mutuwar hannu. Babu. Ta auna jini, ta haska ido, sannan ta ɗora yatsa a layi na huɗu.

"Wa ke rubuta wannan?"

"Ni ne, likita."

"Kwana ashirin da shida cikin talatin tana shan ƙwaya. Wa ke sayo mata?"

Na nuna kaina. Ta ce ciwo biyu ne a kan Yaya: tsohon na ɓarin kai, da sabo wanda ƙwayar ce ta haife shi. In shanta ya kai rabin kwanakin wata, da ƙarfinta ya ƙare sai ciwon ya dawo, a sake sha, ya sake dawowa. Dole a daina. Mako ɗaya ko biyu zai tsananta kafin ya sauka. Ta rubuta wani magani na rigakafi, amma ta ce sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa.

A bakin ƙofa Yaya ta harare ni. "Ka bar takardunka, ka zo ka gyara min kai da lissafi. Sannu, babban akawu."

Likita ta ba da takardar hutu. Shugabar ta karanta, ta ce takarda ba ta haɗa kwala. Yaya ta ci gaba da zuwa aiki, ni kuma na kwashe kwalayen duka. Ran kwana na huɗu ta tare ni da sassafe, idonta jajir.

"Ɗaya tak, Auta. In kai yamma."

"Likita ta hana."

"Likita ce za ta zauna min a keke? Ni na goya ka fa."

Ƙwayar tana aljihuna. Ban ba ta ba. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba.

Ran kwana na shida, da tsakar rana, ta daina ganin allura. Ta kashe keken ta taho gida, ta kwanta kwana uku. Da ta koma, an ɗora wata yarinya a kan keken, ita kuma an mai da ta teburin yanke ragowar zare, can bayan ɗakin, tare da sababbin ɗauka.

Watan jiya kwana uku kawai kanta ya yi ciwo. Na kai wa shugabar littafin ta gani da idonta. Ko buɗewa ba ta yi ba, ta ce sai in wata ta bar aiki.

Na gaya wa Yaya tana wanke almakashinta. Ba ta ɗago ba.

"Yarinyar ba ta zuba wa keken mai," ta ce. "Daga inda nake ina jin kukansa."