Fitilar da Na Haɗa Ta Ƙone Littattafan Kawuna

A wancan lokacin ni mai gyaran rediyo da tocila ne a wata 'yar rumfa a Birnin Kudu. Ina da hannu a sana'ar, amma ba na jin magana. Na fara sayo ƙwayayen fitila na LED masu ƙarfi daga Kano, ina haɗa fitilu masu aiki da batirin sola. Haskensu ya fi na kanti, jama'a suka yi ta yabona har kaina ya kumbura.

Dattijon da ya koya mini aiki ya taɓa ɗaukar guda, ya juya bayanta, ya ce irin wannan ƙwai ta baya yake tara zafi. Ya ce in ɗora shi a kan alminiyam mai kauri mai haƙora, in shafa farin man nan mai janye zafi a tsakani, in huda gidan fitilar iska ta riƙa ratsawa. Na amsa da to, a raina kuwa na ce zamani ya wuce Baba. Na ci gaba da manna ƙwai da gam a cikin roba, don ta fi kyan gani.

Kawuna malami ne a Dingaya ta Gwaram. Yana da ɗakin ƙasa marar taga inda yake ajiye littattafan gado, har da Alƙur'anin da kakana ya rubuta da hannunsa. Ganinsa ya yi rauni, ko da rana sai da fitila yake karatu. Na haɗa masa wadda ta fi kowacce ƙarfi, na rataye ta a azara daidai saman littattafan. Ya tambaye ni ko ba komai in ta daɗe a kunne, na ce ko wuni za ta yi.

Wata rana da bazara ya tafi sallar la'asar ya bar ta a kunne. Robar ta narke, ta kama da wuta, ta ɗiga a kan takardu. Kafin maƙwabta su kashe, rabin ɗakin ya zama toka, har da Alƙur'anin kakana. Washegari na tarar da shi a tsugune yana tsintar guntayen shafuka. Bai zage ni ba. Ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya tambayi lafiyar iyalina. Da ma marina ya yi. Masu yabona kuwa, su suka fara cewa da ma sun san za a yi haka. Inna, mahaifiyata, har yau ba ta sake ambaton rubutun mahaifinta a gabana ba.

Ku masu haɗa fitila, ƙwai mai haske sosai zafinsa ma sosai ne. Kafin ku ba kowa, ku kunna ta wuni guda a gabanku, ku taɓa bayanta. In hannu bai jure ba, kada ta bar rumfarku. Ni Kawu ya yafe mini, amma hannun da ya rubuta shafukan nan yana kabari.