Ƙafa Biyun da Aka Ƙara wa Teburin Orval

Orval Tackett gajere ne, kuma bai taɓa yafe wa kowa wannan ba. Ƙuruciyarsa duk a bakin sitiyarin motar 'yan makaranta ta ƙare a nan garin Reno, yana zaune kan matashin da matarsa Arlene ta ɗinka masa don ya riƙa hango titi. Da ya yi ritaya aka sallame shi da agogo da takardar yabo, yaran da ya yi ta jigila kuwa ko sunansa ba su riƙe ba. Sai a gidan cacarmu aka gano ashe bawan Allah yana da suna.

Ni ce Charlene, mai sanda a teburin 'ya'yan ludo na safe, teburin tsofaffin da barci ke guje wa tun asuba. Aikina in jawo 'ya'yan nan biyu da lanƙwasasshiyar sanda, in tura wa mai jifa, in faɗi abin da ya fito. Wasan ba shi da wuya. Ka jefa, lambar da ta fito ta zama taka, ka yi ta jifa har ta dawo. In ta dawo, kai da duk wanda ya zuba kuɗi a bayanka kun ci. In bakwai ta riga ta, an kwashe, 'ya'yan su koma hannun na gaba. Shi ya sa ba mai kiran sunan bakwai a bakin tebur, sai dai a ce "waccan". Doka ɗaya ce gidan ba ya wasa da ita: dole 'ya'yan su je su bugi bangon can ƙarshen tebur.

Orval ya yi imani hannunsa yana da ilimi. Gurbinsa ɗaya ne, dab da haguna, inda jifa ya fi kusa. Zai jingina tumbinsa da gefen tebur, ya jera 'ya'yan da natsuwa, ya tsunke su da yatsu, ya ɗaga hannu a hankali kamar mai ɗaukar jaririn da ke barci, sannan ya saki. Teburin ƙafa goma sha biyu ne, tazarar ta yi daidai da gajeren hannunsa da kafaɗar da sitiyari ya cinye. 'Ya'yan su tafi tare, su ɗan taɓa bango, su kwanta.

"Sumbatar bango ake yi, Charlene," haka yake ce mini. "Waɗannan yaran marinsa suke yi."

A garejin gidansa ya ƙera tebur irin namu sak, yana gwaji safe da yamma. Motar Arlene kuwa ta koma kwana a waje, rana ta doke ta, ƙanƙara ta rufe ta, saboda ilimi.

In ni za a tambaya, ban taɓa ganin hannun da 'ya'yan ludo ke jin maganarsa ba. Fitilun gidan nan da shimfiɗunsa ba da asarar mai gida aka saya ba, kuma Orval ya ba da gudunmawarsa kamar kowa. Amma akwai ranakun da hannunsa kan yi zafi, ya riƙe 'ya'yan har kofin mutane ya huce. A irin ranar sai ka ga tsofaffi sun baro fanke da soyayyen ƙwansu sun yi dafifi. Fermin Etcheverry, tsohon makiyayin tumaki, babban amininsa, shi ke ba da baki: "Kawo mana ita, Orval, kawo ta gida." Sauran su amsa, suna buga gefen tebur suna kiran sunansa. Mutumin sai ya kumbura, har tsawo yake ƙarawa. Gaskiya ina son ganinsa a haka, kuma don wannan kiran yake zuwa, ba don abin da zai kai gida ba.

Ana nan aka kawo mana sabon manaja, yaro mai digiri da gyararren gashi. Ya zauna ya yi nazari mai zurfi, ya gano cewa dogon tebur ya fi gajere ɗaukar mutane. Wata Litinin muka tarar an girke mai ƙafa goma sha huɗu, gefensa ma ya fi na da tudu.

Orval ya shigo, ya tsaya, ya dube shi daga wannan kai zuwa wancan.

"Charlene, tebur ne wannan ko filin saukar jirgi?"

"Ƙafa biyu kawai aka ƙara, Orval."

"Kawai. Ke da aka yi ki kamar turken lantarki ai dole ki ce kawai."

Ya shiga gurbinsa. Inda tumbinsa ya saba zama, yanzu ƙirjinsa ne a wurin. Ya jera, ya tsunka, ya ɗaga jaririnsa, ya saki. 'Ya'yan suka tafi cikin ladabi, suka kwanta a hanya, bango yana can yana jira. Lyle, mai zaman tsakiya da ke sa ido kan doka, ya gyara tabarau.

"Mista Tackett, bangon yana gaba kaɗan."

Ya sake, suka sake kwanciya. Ya yi ɗage, ya yunƙura har kafaɗar ta amsa, ɗaya ya isa, ɗayan ya ƙi. Lyle ba mugu ba ne, amma akwai na'urar da ke kallonsa daga rufi.

"Wannan ba jifa ba ne. Charlene, wuce da su."

A gaban mutanensa na janye 'ya'yan daga gabansa na tura wa wani baƙo mai hular kamun kifi. Orval ya tattara 'yan kwabbansa na roba, waɗanda ake zubawa a madadin kuɗi, ya fita, ko kofinsa bai ƙarasa ba.

Sanyi ya shigo ba mu sake ganin Orval ba. A kantin cefane na yi kiciɓis da Arlene.

"Ina ogan naki?"

"Yana gida yana rushe mini ɗakin girki. Garejin bai kai ƙafa goma sha huɗu ba, shi ne ya fasa bango ya zuro bakin teburin ciki. Ina suya, 'ya'yan ludo suna faɗowa kusa da kasko."

"Kuma kika zuba masa ido?"

"In hana shi, ya zauna a falo yana kallona? 'Yar nan, mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana kallon ƙeyar gari ta gilashin mota, ba mai ce masa sannu. Ku ne kuka koya masa jin sunansa a bakin mutane. Bar shi ya rushe."

Haka ya kwashe sanyin nan yana koya wa tsohuwar kafaɗa sabon karatu, da man zafi da cije baki. Har takalman kaboyi masu dogon dunduniya ya saya. Shi kuwa manaja ya sake wani nazarin, ya gano cewa tsofaffin garin ba su ƙaru ba don tebur ya ƙaru. Ana gab da bazara ya sa aka fitar da dogon, aka dawo da tsohon daga sito. An yaba masa da ya kawo, an yaba masa da ya mayar. Ba wanda ya aika wa Orval da labari, manaja ba ya shawara da direbobin makaranta.

Ranar da Orval ya dawo, ƙwas ƙwas ɗin takalmansa muka fara ji, sai warin man zafi. Ya ja ya tsaya.

"Ina dogon?"

"An mayar da shi, Orval. Ga naka nan ya dawo."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Tsofaffi suka taso da murna, Fermin ya dafa kafaɗarsa, kowa ya zuba a bayansa. Na tura masa 'ya'yan.

Hannun ya riga ya haddace ƙafa goma sha huɗu. 'Ya'yan suka mari bango, ɗaya ya yi tsalle ya bar teburin, ya gangara ƙarƙashin kujerar wata mata. A wurinmu in ɗan ludo ya faɗi ƙasa, to "waccan" ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, kuma tsohon da ba ya zuwa coci ma ya yarda da wannan. Aka tsinto, Lyle ya jujjuya shi, na mayar. Orval ya rage ƙarfi, ya jefa. Wannan karon ɗaya ya sauka a kofin wani.

Lamba ba ta tsaya ba tukuna, don haka kowa yana da damar janye kuɗinsa. Suka janye, a hankali, kowa yana duban wani wuri. Fermin bai tsaya a janyewa ba. Ya ɗauki nasa ya ɗora a siririn layin masu cewa mai jifa zai faɗi, wanda muke kira ɓangaren duhu.

Orval ya ce, "A can ka ajiye, Fermin?"

"Ba da kai nake ba, ɗan'uwa. Da hannun nake."

Orval bai jera ba, bai tsunka ba. Ya kwashi 'ya'yan ya watsa kamar kowane ɗan yawon buɗe ido. Takwas ta fito. Ya watsa, ya sake watsawa, sai ga takwas ta dawo. Na faɗa da ƙarfi yadda aiki ya ce, muryata kaɗai ta tashi a teburin. Aka biya Orval, aka kwashe na Fermin. Orval ya bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, kowa yana lissafin abin da zai ci da bai janye ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Wanda ya ci shi ke da 'ya'yan, don haka na tura masa. Ya dube su, bai miƙa hannu ba.

"Yi haƙuri, Fermin," ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Wuce da su, Charlene."