Jirgin Kawu Ba Shi da Bindiga

Kawuna ya yi aikin sojan ruwa, amma a unguwarmu Kaladan ba mai yarda. Mu da ruwan famfo ma sai mun yi sa'a muke gani, wa zai kawo mana labarin teku? Abin da ya ƙara ɓata maganar, jirginsu ba na yaƙi ba ne, na dakon mai ne. Tsoho aka sayo shi, aka shafa masa fenti, ya yi ta bin jiragen yaƙi yana ba su mai har tsatsa ta cinye gindinsa, aka yanka shi aka sayar wa 'yan gwangwan. Bai taɓa harba ko dutse ba.

A bes ɗinmu, gindin bishiyar da muke shan shayin ataya, in Kawu ya fara labari sai mai dafa ataya ya ce, "Alhaji, gaya mana gaskiya, gidan mai ka yi aiki, sai dai naka yana iyo."

Mu yi ta dariya, shi ma ya yi. Amma ni da muke komawa gida tare, na san gaskiya. Abin yana cinsa.

Wata rana ya ce jiragen ba su tsayawa, a guje ake ba su mai, gefe da gefe, tiyo a tsakani. Na ce, "Kawu, haba chale, wannan ko ni da nake ƙarya ban kai nan ba."

Ya ce, "Ɗauko motonka."

Ya ari motokin, mai ƙafa uku ɗin nan na ɗaukar kaya, ya zauna a baya da galan da tiyo. Mai motokin yana tuƙi, ni ina gefe a moto, wato babur ɗina, tankina a buɗe, babu mai a ciki sai wari. Muka hau hanyar Kanvili. Bes gaba ɗaya ya biyo mu, har da mai ataya riƙe da butarsa.

Sai ga Kawu ya zama wani mutum. "Matso! Kar ka kalle ni, kalli gabanka! Riƙe gudunka!" Murya kamar lasifikar masallaci. Ya jefo tiyo, ya same ni a kunne. Ya sake jefowa, na cafke na cusa a tanki. Ya ɗaga galan sama da kansa, mai ya taho. Rabi a tanki, rabi a wandona. Moto da ya fara tari ya gyara murya ya ci gaba.

Ana ihu a bayanmu, sai ga tumaki sun fito tsallaka titi, a hankali kamar su suka gina shi. Mai motokin ya yi dama, na yi hagu, tiyo ya zaɓi bin Kawu. Na ƙare cikin gonar masarar wani bawan Allah, ƙafa a sama.

Da suka iso, ba wanda ya tambayi lafiyata. Mai ataya ya wuce ni ya kama hannun Kawu da hannu biyu.

"Alhaji, wallahi kun yi aiki. A kan ruwa kuke wannan? Da igiyar ruwa da komai?"

Kawu ya gyara hularsa, ya dubi garken da ke wucewa.

"Namu ya fi sauƙi," ya ce. "A teku babu tumaki."