Makaɗin Don Goyo

Chebo Malpica, wanda muka binne ranar Talata, mutumin bakin teku ne, ɗan Veracruz. Kafin ya zo ƙauyenmu, abu mafi tsawo da ya taɓa hawa shi ne kujerar mai aski. Molo yake kaɗawa a gidajen biki, ga baki kamar rediyo.

Son Crisanta ne ya kawo shi, wata bazawara mai sayar da waina. Yayanta Nicanor, mai roƙa mana ruwan sama, ya ce babu aure sai Don Goyo ya ga mutumin.

"Wane ne kuma Don Goyo?" in ji Chebo.

"Babbanmu. Jibi bikin haihuwarsa, gidansa na can sama."

"Yana son kiɗa?"

"Har hayaƙi yake yi don murna."

Chebo ya zaci wani tsohon attajiri ne. Ya fito da farar riga da takalmin rawa, gashi ya sha mai. Babu wanda ya gaya masa dutsen nan mai aman wuta da ke bayan gonakinmu shi muke kira Don Goyo. Mu ma ba mu da kirki.

Muka kama hawan dutsen da shi. Itatuwa na ƙarewa, rediyon bakinsa ya mutu. Kansa kamar ana daka a ciki, ya buɗe baki yana neman iska, babu. Tsofaffin mata ɗauke da tukwanen miyar da za a kai wa dutsen suna wuce shi: "Sannu ango, ko a goya ka ne?" Ya durƙusa cikin toka ya amayar da waken safe.

"Ciwon dutse ne, maganinsa sauka," in ji Nicanor. "Koma ruwa, ɗan kifi."

"Suruki, na yi wa ɓarayi kiɗa, na yi wa 'yan siyasa. Ba wanda ya taɓa min rowar iska sai tsohon nan naku."

Crisanta ta tura masa mazarƙwaila a baki, ta ɗura masa ruwa. "Taka kaɗan ka tsaya, wawa. In ka mutu a nan ban san ka ba."

Da rarrafe ya isa wurin da ake ajiye hadaya. Ya kwanta rigingine, molo a ƙirji, ya yi wa dutse waƙar haihuwa da murya irin ta akuyar da aka shaƙe. Can sai ƙasa ta yi gurnani, hayaƙi ya tashi.

"Ya amsa," in ji Nicanor.

"Amsawa ce ko dariya?"

"A wajensa duk ɗaya ne."

A kafaɗa muka sauko da shi. Aka ɗaura aure bayan girbi, suka tsufa tare, bai sake hawa ko tsani ba.

Jiya Crisanta ta miƙo mana takalman rawar, ta ce a kai wa Don Goyo bikin bana. Kayya, Chebo. Har yanzu mu ne masu ɗaukarka.