Tsintsiyar Gwaggo Senga

A Greenock, duk wanda ya tashi a layin su Senga Gourlay ya san abu biyu game da ita: ranar wankin matakalarta ba ta wucewa, kuma ba ta haɗiye magana. Gidan bene ne na dutse irin na da, iyali takwas ƙofar shiga ɗaya. Mijinta Archie mai walda ne a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, aikin dare yake yi, rana kuwa ta barci ce. To, a saman kansu Allah ya ajiye Netta Rennie da ɗanta Dougie.

Da aka fara rufe ma'aikatun bakin kogi, samarin gari suka rasa abin yi, sai kowa ya nemi jita. Dougie ganguna ya samo, na hannu, ya tara abokai a ɗakin uwarsa. Suka sa wa kansu suna Ruwan Talata, wai ranar da suka fara Talata ce kuma ana ruwa, sai ka ce akwai ranar da ba a yi a garin nan.

Da sun fara, Senga sai ta hau kujera da tsintsiya mai doguwar sanda, ta doki silin sau uku. In sun haɗu da Dougie a matakala kuwa, ba ya tsira.

"Gwaggo, ai kiɗa ne."

"Kiɗa? Na ɗauka tukwanen uwarka ne ke gangarowa. Ga ka da sauri kamar wanda kare ya biyo."

Abin da ba ta faɗa shi ne, ƙarar guduma ta daɗe da cinye kunnen Archie, ko bango ya faɗo ba zai farka ba. Allah bai ba su haihuwa ba. Ranar da yaran ba su zo ba, ɗakin sai ya yi mata faɗi, ta riƙa ɗaga kai tana duban silin.

Wata rana suka ɗauki waƙa a kaset a ɗakin, suka aika gidan rediyo a Glasgow, aka kuwa sa. A tsakiyar waƙar akwai wurin da kowa ke tsayawa ya ja numfashi. Nan ne tsintsiyar Senga ta shigo, dum, dum, dum, duk ƙasa ta ji. Mutane suka ɗauka da gangan ne. Daga nan duk inda Ruwan Talata suka yi wasa, daga zauren coci zuwa manyan ɗakunan rawa na Glasgow, in an zo wurin sai jama'a su buga ƙafa sau uku har daɓe ya motsa.

"Gwaggo, ki zo ki gani mana. Ke suke kwaikwayo fa."

"Ni da nake jinku a kan gadona, in shiga jirgin ƙasa in je in ƙara? Ka ga alamar na gaji da kunnena?"

Ba ta taɓa zuwa ba. Amma faifan waƙar da Dougie ya ba ta yana kan kabad, tana goge masa ƙura duk Asabar, alhali ko abin sa shi ba ta da shi.

Rana ba ta ƙarya. Mai jita ya tafi aikin haƙar mai a teku, mai waƙa ya yi Kanada, Dougie ya koma tuƙa bas a Dundee. Archie ya rasu, bana kuma Netta ta bi shi. Kunnen Senga ma ya yi nauyi, sai an dube ta an yi magana take ganewa. Da ta ji za a sayar da ɗakin sama, abin ya tsaya mata a rai: tana son ta ƙara jin gidan nan ya girgiza ko sau ɗaya, kafin baƙi masu tafiya da safa su shigo.

Ranar da Dougie ya zo kwashe kayan uwarsa, ta tare shi a matakala, kai duk furfura, ya rungumo babbar ganga.

"Ina za ka kai ta?"

"Wasu yara ne a Paisley za su karɓa, Gwaggo."

"Mayar da ita sama. Ka buga min waccan, mai tsintsiya."

"Haba Gwaggo, rabona da sanda tun kafin gashina ya yi fari. Na manta."

"Da ma can ba ka iya ba, me za ka manta?"

Ya yi dariya, ya juya ya hau. Ita kuma ta koma ɗaki, ta zuba shayi, ta zauna tana jira. Shiru. Tsoro ya kama ta, ko ya fara ita ce ba ta ji. Can sai ta ga cokali yana rawa a cikin kofi, fitilar silin tana lilo. Ta dafa tebur da tafin hannu, sai ga waƙar tana shigowa ta nan, ta gane ta sarai tun daga farko.

Aka zo wurin jan numfashi, cokali ya tsaya cak. Ta jawo tsintsiya, ta dubi kujera, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ta miƙa sandar iya ƙarfinta, silin ya yi mata nisa. Cokali bai motsa ba. Yana can sama da sanduna a hannu, yana jiranta.

A kusurwar ɗakin akwai bututun ruwa da ya bi bango ya hau sama. Ta lallaɓa ta isa gare shi, ta juya tsintsiya, ta doke shi sau uku.

Cokali ya ci gaba da rawa. Senga ta zauna, ta mayar da tafinta kan tebur, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Ji shi," ta ce. "Har yanzu sauri yake yi."