Layin da Na Cire Daga Rubutun Malam

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam, mijina. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, kuma ba a shafin jarida zan fara ba. Waɗanda suka yi sakandare a Potiskum a wancan zamani sun san shi da malamin kimiyya mai ƙonannen hannun riga. Na nesa kuwa sun san shi ta wani fili da ya riƙa rubutawa wata-wata a wata mujallar Hausa da ta daɗe da daina fitowa, filin da ya raɗa wa suna "Kimiyya a Tsakar Gida". Ni dai na san shi da satar kanwa. Ban taɓa ajiye kanwa ko alif ko lemon tsami a madafi na dawo na tarar da su yadda na bar su ba.

Mutum ne da ba ya iya ganin abu ya sauya launi ya wuce. Zai ɗebi zoɓon da na jiƙa wa baƙi ya raba a kofi biyu, ya ɗiga ruwan kanwa a ɗaya, ya matsa lemo a ɗayan, sannan ya taso ni daga wanke-wanke in zo in ga yadda wannan ya yi duhu wancan ya ƙara ja. In na ce baƙi fa me za su sha, sai ya ce su sha ilimi. Irin abubuwan da yake bayani a filin ke nan: yadda alif ke kwantar da dattin ruwan rijiya, dalilin da ya sa toka ke cin maiƙo, abin da ke sa yadi ya fito daga rini kore-kore sai ya sha iska ya koma shuɗi.

Rubutun hannun Malam kuwa, ko shi kansa sai ya yi da gaske yake karanta shi. Ni malamar firamare ce, hannuna mai kyau ne, don haka muka raba aiki. Shi zai zuba abin da ke kansa a littafi, ni in kwafe a doguwar takarda, in gyara masa Hausar da Turancin aji ya ɓata, in sa a ambulan, ya kai gidan waya. Edita ya ce kada ya wuce shafi biyu. Malam bai san tsayawa ba, saboda haka yanke-yanke ya zama aikina. Da farko yakan duba abin da na kwafe. Da tafiya ta yi nisa ya daina, sai dai ya sa hannu a ƙasan takardar yana shan kunu. Shekara kusan shida muka yi a haka.

A kashi na sittin da takwas ya yi bayanin haɗa sabulu da soda mai ƙuna, wadda ta fara shigowa kasuwa a lokacin. Rubutun ya yi tsawo. Na zo ƙasan shafi na biyu, saura layi guda a littafinsa, inda ya ce kada a kuskura a zuba sodar a tukunyar alminiyom, domin takan cinye ta ta ɓula. Na karanta har na yi dariya. A Danchuwa na tashi, a gidan da ake dafa sabulun toka tun kafin a haife ni, kuma ban taɓa ganin macen da ta dafa sabulu a wani abu ban da tukunyar ƙasa ba. Na ce a raina, yau kuma namiji ne zai koya wa mace tukunya? Na bar layin, na liƙe ambulan.

Bayan mako uku da fitowar kashin edita ya turo masa wata wasiƙa. Wani mutum ne daga wani gari mai nisa ya rubuto cewa matarsa ta bi bayanin filin, ta haɗa a tukunyar girkinta, tukunyar ta ɓule, ruwan ya kwararo mata a ƙafafu. Malam ya karanta mini a tsaye a tsakar gida. Ya shiga ɗaki, na ji yana buɗe akwatin littattafansa, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito bai ce da ni komai ba. Kashi na gaba shi ya rubuta da mummunan hannunsa, shi ya kai gidan waya, kuma da mujallar ta fito bai shigo da ita gida ba. Daga nan filin ya tsaya.

Mun ƙara shekara ashirin da biyu tare. Mun aurar da 'ya'ya, mun sauke farali, ya ci gaba da satar mini kanwa. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Sau da yawa nakan shirya abin da zan ce, in kawo masa abinci da niyya, sai ya tambaye ni ko an rufe kaji, maganar ta bi iska. Abin da na ɗauka a raina shi ne ya gane ni ce, ya daina yarda da hannuna, kuma ya gwammace ya kashe filin da ya faɗa mini haka. Da wannan tunanin na raka gawarsa bakin zaure. Ban san me ya rubuta a kashin ƙarshe ba, kuma rashin sanin nan ya fi komai cin raina.

Akwatinsa ma bai tsira ba. Damina biyu bayan rasuwarsa na buɗe, na tarar gara ta mayar da mujallun da littattafan ƙasa. Na zauna a gaban akwatin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Shekara uku da suka wuce, da gidanmu na Hausari ya yi mini faɗi, na fara nema. Na gaya wa 'ya'yana cewa tarihin mahaifinsu nake tarawa, kuma ba ƙarya na yi ba, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Tsohuwar mujalla a garin nan ba a ɗakin karatu take kwana ba. Mata sun shimfiɗa ta a cikin kabet ƙarƙashin kwanukan jere. Teloli sun yanka ta sun fitar da wuyan riga. Abin da ya saura masu ƙosai da masu tsire sun gama da shi tuntuni. Don haka sai na koma mai bin gidajen tsofaffi, in gaisa, in yi ta'aziyyar da ta wuce ni, sannan in nemi izinin ɗaga kwanuka. Wasu sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Wata ma ta tambaye ni a hankali ko akwai wanda ke kula da maganina.

Duk shafin da na samu nakan goge shi da dutsen guga mai ɗumi ta bayan kyalle, in sa a leda, in ba shi lamba. Ina da babban littafi mai layi. Kowane kashi da shafinsa: lambarsa, kan maganarsa, gidan da na samo shi, da abin da ya yage ko ya goge. Waɗanda suka shafi tsarkake ruwa na ware su gefe guda, na tabo da wanki gefe, na rini gefe, na sabulu gefe. Wani kashin a gida biyu na haɗa shi, rabi daga Hausari, rabi daga ƙarƙashin katifar wata tsohuwa a bayan kasuwar shanu. Zuwa watan jiya na tara hamsin da ɗaya cikin sittin da tara. Babu wanda ke tambayata nawa na kai. In na samu sabo, babu wanda zan kira daga wanke-wanke ya zo ya gani.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Jikata takan nuna mini mata a waya suna koyar da haɗa sabulun ruwa da man shafawa, suna zuba wannan a kan wancan da ido, ba awo, ba safar hannu, dubban mutane na kallo. Na san zai ji daɗin cewa mata sun karɓe sana'ar, domin abin da ya yi ta fata ke nan. Na kuma san ba zai iya cin abinci ba ranar. Zai ce wace ce ke duba abin da suka bari ba su faɗa ba? Ni kuwa in na kalla, ba abin da suke faɗa nake saurare ba, inda suka yanke nake nema.

Watan jiya wani tsohon ɗalibinsa, Alhaji Buba, wanda yanzu dillalin shanu ne, ya zo gaishe ni. Ya ga ledojin jere a kan tabarma, ya ce: "Mama, ai goggona ta Gadaka tana da irin wannan. Da shi take sabulu. Ko taɓawa ba ta bari a yi."

Ya sa aka kai ni a mota. Goggo Dije ta haura tamanin, ba ta karatun boko. Marigayi mijinta ne ke karanta mata filin, ita kuma ta haddace awon, ta ɗinke shafukan da zare ta adana a cikin kwalla. Guda tara ne. Bakwai ina da su. Na takwas na rini ne. Na tara, da na duba lambar da ke samansa, sittin da tara ce, kashin ƙarshe.

Na roƙe ta ta ba ni. Ta ce: "A'a, Hajiya, wannan kam ba ya fita. Maigida ya ce duk cikin takardun shi ne babba, don shi ne mutumin ya ce na yi kuskure. Ki zauna ki rubuta, ga inuwa." Ta sa aka kawo mini ruwa da tabarma.

Sai na zauna na kwafe shi da hannuna, kamar sauran. Ya fara da gargaɗin tukunyar, sau biyu, da manyan baƙaƙe. Ya ba da haƙuri ga matar da mijinta. Ya ce gargaɗin ya kamata ya zo a layin farko, shi ya kai shi can ƙarshe inda komai ke iya samunsa, kuma ya aika da takarda bai sake karantawa ba. Sannan ya rubuta: "A gidana akwai wadda ta shekara shida tana mayar da maganata Hausar da za ku gane. Abin da kuka amfana da shi, da hannunta a ciki. Abin da ya cutar, ni na sa hannu a ƙasansa." A ƙarshe ya ce zai dakata da filin har sai labari ya zo masa cewa matar ta taka ƙafarta, ya roƙi mijin ya sake rubutowa.

Ni ce mai karɓar wasiƙun gidanmu. Wasiƙar ba ta taɓa zuwa ba.

Goggo Dije ta ga na daina rubutu, ta ce: "Kin san shi ne?" Na ce mijina ne. Ta ce: "Allah ya ji ƙansa. Saboda shi ban taɓa sa soda a silba ba." Na ce amin, na ƙarasa layin da ya rage.

A hanyar dawowa na yi ta juya abin. Ashe ya sani tun ranar. Ashe ba fushi ne ya rufe filin ba, jira ne. Shekara ashirin da biyu yana tambayata, in ya dawo daga makaranta, ko an kawo wasiƙa, ni kuwa ina ɗauka ta 'yan fansho ko ta 'yan'uwa yake nufi. Muna kwana ɗaki ɗaya, kowa na riƙe da rabin magana, yana tsoron ya ɗora wa ɗan'uwansa. Ba zan ce ya kyauta da ya yi shiru ba. Da ya yi mini faɗa rana ɗaya da na fi samun sauƙi, kuma da mun nemi matar tare tun sawu bai ɓace ba. Amma shirunsa na kare ni ne, nawa kuwa na kare kaina ne, kuma wannan bambancin ba zan iya goge shi da dutsen guga ba.

Me ya saura na Malam? Ba gini ya bari ba, ba littafi mai bango ba. Akwai shafuka hamsin da uku yanzu, da na ƙara biyun Gadaka, wasu da tabon manja. Akwai ɗaliban da suka tsufa suna tuna ƙonannen hannun riga. Akwai tsohuwa a Gadaka da ba ta san fuskarsa ba, ta shekara talatin tana kiyaye ƙafafunta da maganarsa. Na auna na ga kashin da ya fi daɗewa yana aiki shi ne wanda ya rubuta da kunya, ba waɗanda ya rubuta da murna ba.

A babban littafina, a shafin kashi na sittin da takwas, wurin da nake rubuta abin da ya ɓace, na rubuta: layi ɗaya, gargaɗin tukunya, matarsa ce ta cire. Na so in faɗa wa mai shi, ya riga ya tafi. Saura mutum ɗaya da ke da haƙƙin ji. Ban san sunanta ba, wasiƙar mijinta na cikin abin da gara ta ci. In tana raye, ko 'ya'yanta na karanta wannan, ga abin da ba a gaya muku ba: ba malamin ne ya bar layin ba, ni ce. Ya jira labarinki har ya rasu. Yanzu ni nake jira.