Damin da Baba Ya Rataye

Shekarar da kuɗin man fetur suka fara kwashe mazan Tafoki zuwa birni, Baba ma ya bi sahu. Kafin ya tafi aikin lebura a Kaduna, ya tsinci zangarnun gero masu kyau, ya ɗaura ɗan dami, ya rataye a rufin ɗakin girki inda hayaƙi ke korar ƙwari. Irin baɗi ke nan. Wata uku da tafiyarsa aka aiko cewa motar da ta ɗauko su ta faɗi. Can aka rufe shi, ko hularsa ba mu gani ba.

Shekarata tara a lokacin. Da ruwan shuka ya sauka, Inna ta taka turmi za ta sauke damin, na riƙe zaninta na fasa ihu. Ni dai a raina, in aka sussuke shi, babu sauran abin da hannun Baba ya taɓa. Inna ta sauko ta zauna, ita ma tana kuka. Kwana biyu maƙwabta suna shuka, gonarmu ko rami ɗaya babu, ga lema tana janyewa.

Kaka, uwar Baba, tsohuwa ce mai kaifin baki. Bayan mun ci tuwo ta iza wuta, ta ce, "Ku matso, 'yan banza, ga wata nan tafe." Muka ce ta iso.

Wai wata mata ce mijinta ya mutu ya bar mata tulun wake na iri. Ta liƙe bakinsa da laka, ta ajiye a kan gadonta. Duk damina sai waken ya yi magana daga ciki: "Buɗe mu, mun ji ƙamshin ƙasa." Ita kuma ta ce, "Ku yi shiru, ku kaɗai kuka rage mini." Haka shekara uku. A ta huɗu ruwa ya sauka, ta kasa kunne, tsit. Ta fasa lakar, ba komai ciki sai gari da ƙwari.

Nan Kaka ta dasa aya. Na ce, "Sai me ya faru?"

"Mi kike so ya faru, Lami? Mijin ya mutu sau biyu ke nan."

Da gari ya waye ni na hau turmin da kaina, ina kwance igiyar ina sharar majina. Inna tana sara da sungumi, ni ina jefa iri ina rufewa da diddige. Wallahi na ji zafin kowane rami.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin dabarar tsohuwa don shawo kan yarinya mai taurin kai. Sai da na yi aure a Kankara, Kaka kuma ta daɗe da rasuwa, Inna ta faɗa mini abin da ban sani ba. Ashe tun ranar da saƙon mutuwar ya zo, Kaka ce ta fara roƙonta kada a taɓa damin nan, ko da za a nemi iri a wani gida.

Yanzu da ni ma na binne nawa ɗan, na san nauyin abin da Kaka ta ɗaga a bakin wutar nan. Ɗanta ne, ita ta haife shi. Matar tulun tana zaune a gabanmu, tana ba kanta labari da ƙarfi don ta ji.